Kafin A Sayi Katin Hoto, A Fara Tambayar Wuta: Gyaran Tsohuwar Kwamfuta A Kura

Da zarar an gama yankan shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuɗi kan ɗan zauna a hannun matasa. Wasu daga gonar gida suke samu, wasu daga aikin bugu da ɗauka, wasu daga injinan gyaran shinkafa da suka cika garin. Wani ɓangare na wannan kuɗin yakan hau mota zuwa Kano, ya shiga Farm Centre ko Beirut Road, ya dawo a cikin kwali: tsohuwar kwamfutar tebur, Dell ko HP, wadda ta gama bauta a wani ofis na Turai ko Amurka kafin a loda ta a kwantena.

Yawancin masu sayen nan 'yan waya ne tun asali. A waya suka koyi haɗa bidiyo da CapCut, a waya suke tsara katin ɗaurin aure da fostar 'yan takara da PixelLab ko Canva, a waya suke buga eFootball har batir ya mutu. Abin da ya kore su daga wayar sananne ne. Bidiyon biki na awa biyu ba ya zama lafiya a ma'adana mai giga 64, wayar tana ɗaukar zafi kamar dutsen guga, shi kuma mai buga bana aikin CorelDRAW yake so, ba hoton da WhatsApp ya matse ba. To sai a kunna kwamfutar, a jefa mata bidiyon da aka ɗauka da waya, ta kama tsalle tana tsayawa. Wayar da aka raina ta fi ta santsi. Daga nan sai a garzaya YouTube, inda amsa ɗaya ke jiran kowa: a sa mata katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad.

Amsar ba ƙarya ba ce, amma daga ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa aka bayar da ita. Ga mai zaune a Kura, katin hoto shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya. Girmansa kuwa wuta ce za ta yanke shi kafin aljihu: wutar da ke cikin akwatin kwamfutar, da wadda ke gangarowa daga falwaya. Wanda ya juya wannan tsari yana iya rasa katin da kwamfutar a rana ɗaya, garin neman gira a rasa ido.

Bai kamata wannan ya yi wa ɗan Kura wuyar ganewa ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke noma shinkafa da alkama da tumatir a wannan yanki yana biyo babban kanal ne, ya rabu zuwa ƙanana, kafin ya kai fangali. Manomin da gonarsa ke wutsiyar kanal ya san sayen ƙaton injin ban-ruwa ba ya ƙara ruwan da ke iso masa. In ramin ya ƙafe, injin iska zai ja, ya yi zafi, ya lalace. A cikin kwamfuta, katin hoto shi ne injin. Pawa fak, wato akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke baya inda ake soka igiyar wuta, shi ne kanal ɗin.

Sau da yawa ciwon ba na kati ba ne

Irin waɗannan kwamfutoci sukan zo da ram mai giga 4 da tsohon had-disk mai juyawa. Waɗannan biyun ne ke sa a kunna na'ura a je a sha shayi a dawo ba ta gama tashi ba. A cire had-disk ɗin a sa SSD, a kai ram giga 8 ko 16, sai ta zama wata halitta dabam, kuma wutar da hakan zai ƙara ci ba ta taka kara ta karya ba. Ga mai shagon da aikinsa CorelDRAW ne, da buga takardu, da hoton fasfo, da cike fom ta intanet, a nan gyara ya ƙare. Katin hoto ba zai ƙara masa kwastoma ko ɗaya ba.

Mai haɗa bidiyo ne ke da ƙarin magana, kuma ya kamata ya san dalilin da ya sa wayarsa ta kunyata kwamfutarsa. Wayoyin yau suna matse bidiyo da tsarin da ake kira HEVC, ko H.265. Tun 2017 iPhone ke ɗauka da shi, manyan wayoyin Android da yawa ma suna da shi. A cikin wayar akwai wani ɗan sashe da aka gina don warware wannan tsari kawai, shi ya sa ba ta wahala. Furosesocin Intel ba su sami cikakken irin wannan sashe ba sai daga zubi na shida, na 2015. Ke nan Core i5-3470 na 2012 ko i5-4570 na 2013, waɗanda suka fi yawa a cikin kwamfutocin hannu, da ƙarfin tuwo suke warware kowane daƙiƙa na bidiyon. Magani na farko kyauta ne: a shiga saitin kyamarar waya a mayar da ita H.264 kafin a fita ɗaukar biki. Bidiyon zai fi cin wuri, amma tsohuwar kwamfuta za ta haɗiye shi ba tare da shaƙewa ba.

In har sai an sa kati, to a san ba duk kati ne ke wannan aikin ba. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 suna warware HEVC, suna kuma da sashen da ke hanzarta fitar da bidiyo bayan an gama haɗawa. GTX 750 Ti na 2014 ya tsufa ga HEVC. GT 1030 yana warwarewa amma ba shi da sashen fitarwa. RX 6400 na AMD, duk da sabuntarsa, shi ma ba shi da shi, don haka ya fi dacewa da mai buga gem. GT 710 da ake yawan tura wa baƙin kasuwa kuwa, amfaninsa bai wuce ƙara wurin soka monita ba.

Lissafin da ke manne a jikin akwati

Kowane pawa fak yana da takarda a jikinsa, kuma karanta ta bai kai wuyar lissafin buhun taki ba. Dell OptiPlex 7010 siririya tana zuwa da mai wat 240, doguwarta 275. OptiPlex 9020 siririya 255, doguwa 290. Da aka zo 7040, Dell ya ƙara ragewa: siririya 180, doguwa 240. HP Elite 8300 da EliteDesk 800 G1 kuwa, siririya 240, doguwa 320. Ba rowa kamfanonin suka yi ba. Don ma'aikacin ofis mai Excel da imel suka ƙera su, suka auna musu abin da zai ishe su.

Yanzu a zo ga masu ci. Furosesa i5-4570 an ƙiyasta shi a wat 84, i5-3470 a 77, i5-6500 a 65. Madabod da ram da SSD da fankoki a ware musu 30 zuwa 40. Dogon gurbin da ake soka katin hoto a jikin madabod, iyakar abin da ƙa'ida ta ce ya bayar wat 75 ne, kuma a wasu siraran kwamfutoci kamfanin ya ƙayyade ƙasa da haka. Duk katin da ke buƙatar fiye da 75 dole ya karɓi ƙarin wuta kai tsaye daga pawa fak, ta igiya mai haƙori 6, wadda ke ba da wat 75, ko mai haƙori 8, wadda ke ba da 150. Yawancin pawa fak ɗin kwamfutocin ofis ba su da wannan igiyar ko kaɗan.

GTX 1050 Ti da GTX 1650 na asali suna tsayawa a wat 75, RTX 3050 mai giga 6 a 70, RX 6400 a 53, GT 1030 a 30. A ɗauki 9020 doguwa: 84 da 75 da 40 sun kama kusan 200, a kan pawa fak mai 290. Akwai sarari. A kan mai 240 lissafin yana shiga, amma da ƙyar. A kan 7040 siririya mai 180 kuwa, 65 da 75 da 35 sun kai 175, saura wat 5 tsakanin aiki da mutuwa. Wannan ba ta da abokin zama sai ƙaramin kati.

Sai RX 580, gwarzon kasuwar hannu. Shi kaɗai wat 185 yake ci, kuma AMD ya ce a ba shi pawa fak mai 500. A ɗora shi a kan 9020, jimla ta haura 300 a kan akwatin da iyakarsa 290.

A nan ne wani mai dabara zai fito da 'yar igiya mai arha, wadda ke juya mahaɗin SATA, na had-disk, ya koma mai haƙori 6 ko 8. Kwamfutar za ta tashi, hoto zai fito, kowa ya yi murna a shago. Amma mahaɗin SATA an yi shi ne ya ɗauki kusan wat 54 a layin bolt 12, ga shi an ɗora masa ninkin haka. Ba a shago zai nuna hali ba. Sai an dawo gida, an shiga awa na biyu ana fitar da bidiyon amarya, robar ta yi laushi ta narke. Mai sa'a kwamfutar ce kawai za ta mutu ta sake tashi. Marar sa'a, katin zai zama ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, madabod da SSD mai ɗauke da aikin mutane su tafi tare. Bikin da aka ɗauka jiya ba a sake shi don kwamfuta ta ƙone.

To a canja pawa fak ɗin mana

Haka ya kamata, amma akwai tarko biyu. Na farko na kamfanonin ne. Pawa fak na gama-gari yana shiga madabod da mahaɗi mai haƙori 24. OptiPlex 7010 doguwa tana karɓar sa kai tsaye. Daga 3020 da 7020 da 9020 kuwa, Dell ya koma nasa mahaɗin mai haƙori 8. HP Elite 8300 da 800 G1 mai haƙori 6 suke da shi, Lenovo ThinkCentre da yawa mai 14. Akwai adafta da ake sayarwa don haɗa su, kuma tana aiki in an dace da ta ainihin samfurin, amma adaftar wani samfuri a jikin wani tana iya kashe madabod nan take. Siririyar kwamfuta kuma ko an sami adafta, pawa fak na gama-gari ba ya shiga cikinta. Shi ya sa akan ga akwati a buɗe, pawa fak a waje a kan benci, igiyoyi sun zubo kamar hanjin kaza. A garin da ƙaiƙayin shinkafa ke yawo a iska, wannan gayyatar ƙura ce.

Tarko na biyu ya fi muni, domin ido ba ya ganin sa. Lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali ba alkawari ba ce. Furosesa da katin hoto duk daga layin bolt 12 suke sha, don haka abin dubawa shi ne amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin 12V. A ninka lambar da 12, a sami wat na gaskiya. In an ga 18A, to wat 216 ke nan, ko da kwalin yana ihun 600. Pawa fak na ƙwarai mai 500 zai nuna kusan 40A. Marar suna yakan kuma yi sakayau a hannu kamar gwangwanin da aka shanye, saboda an rage ƙarfe da waya da na'urorin kariya a ciki. Na asalin da ya zo da Dell ko HP, wanda kamfanoni irin su Delta da Lite-On suke ƙerawa, 240 ɗinsa 240 ce. Cire shi a sa marar suna mai da'awar 600 koma baya ne da aka biya kuɗi aka saya.

Tambarin 80 Plus yana taimakawa amma kada a ɗora masa abin da bai ce ba. Abin da yake nufi shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da pawa fak ya ja tana isa ga kwamfuta, sauran ta tafi a zafi. Shaidar tsimi ce, ba ta tsawon rai ba, kuma sitika ba ta da wuyar bugawa. Sunan da aka sani, irin su Seasonic, Corsair, Cooler Master ko FSP, tare da lissafin 12V da ya yi daidai, su ne abin riƙo.

Wani ƙaramin abu da ya cinye kwamfutoci da yawa: jan makunnin nan na bayan tsofaffin pawa fak, mai 115 da 230. Amurka da 120 take aiki, Najeriya da 230. Kwamfutar da ta taso daga can makunninta na kan 115, aka soka ta a nan ba a duba ba, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi. Kuma ko me ya faru, ba a kwance pawa fak a gida. Manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wuta mai kisa bayan an zare igiya.

Su waɗannan kafasitocin ne ma ke tsufa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Pawa fak ɗin da ya shekara goma a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, yau ga shi a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, bayan hunturu ya cika masa fanka da ƙura. Ba zai ba da abin da takardarsa ta ce ba. Dalilin da ya sa ake barin sarari a lissafi ke nan, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ake hure ƙura da bulowa duk bayan 'yan makonni.

Wutar da ke bayan wuta

Ko an sami pawa fak na kirki, abin da aka ba shi zai sarrafa. Tun da aka raba masu amfani da wuta zuwa rukuni-rukuni, 'yan rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage. Ma'ana, mai wuta da yawa yana biya da tsada, mai arha kuma yana jira. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta sun shafe fiye da mako guda a duhu. Duk wanda zai dogara da kwamfuta ya ci abinci a Kura, lissafinsa na gaskiya a kan janareta ko sola yake. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024.

A nan ne bambancin kati mai 75 da mai 185 ke zama kuɗi. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da kusan yunit 2.4 a takarda. In na ruwa ne ko makamancinsa, rabi ake sha in ana son ya daɗe, wato 1.2, kuma inbata za ta ci nata kason. Kwamfuta mai GTX 1650 da monita, tana tsakiyar aiki, tana jan wajen wat 200: awa biyar ke nan ko kusa. Mai RX 580 tana haura 300: awa uku da ɗan kai. Awa biyun da ke tsakani su ne bambancin miƙa wa ango filashinsa yau da ba shi haƙuri zuwa gobe. A kan ƙaramin janareta Tiger, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ga fanka ga firinta ga cajin wayoyin maƙwabta, babban kati na iya sa muryar injin ta canja duk lokacin da gem ya shiga wuri mai nauyi.

Ba yawan wutar kaɗai ba, har da halinta. Wuta mai rauni da yamma, wadda ke sa ƙwan fitila ya yi ja, tana tilasta wa pawa fak jan amfiya da yawa, ya ƙara zafi. Mai rubutun 100 zuwa 240 a jikinsa, wanda ba shi da jan makunni, ya fi jure wannan. Amma irinsa ne kuma wani lokaci ba ya shiri da inbata ko UPS mai arha wadda wutarta ba ta da santsi: ana ɗauke wuta, maimakon UPS ta riƙe, sai kwamfutar ta mutu. A gwada su tare kafin a biya. Sitabilaiza tsakanin bango da kwamfuta ba ado ba ce, kuma da damina, in hadari ya taso da tsawa, zare igiya daga bango ya fi duk wata na'urar kariya da ake sayarwa.

Hujjar masu RX 580

Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. A kasuwar hannu, da wuya a sami katin da ke ba da ƙarfi a kan kowace naira kamar RX 580 mai giga 8. Ya fi GTX 1050 Ti nesa ba kusa ba, ya kuma fi GTX 1650. Mai son buɗe shagon gem zai lura cewa EA Sports FC 24 ya sa GTX 1050 Ti ko RX 570 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai karɓa, ke nan mai 1050 Ti a bakin ƙofa yake tsaye. Ga wanda ke da doguwar kwamfuta mai mahaɗi na gama-gari, da kuɗin pawa fak na ƙwarai mai 500, da sola mai isa, RX 580 zaɓi ne mai kyau, babu musu.

Sai dai arhar tasa tana da tarihi. Shekaru aka yi ana haƙar kuɗin intanet na Ethereum da irin wannan kati, dare da rana ba hutu. Da Ethereum ya daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, katunan suka malalo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau. Wasu an wanke su, an sake musu fanka da kwali, sun dawo da sunan sabbi. Wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP kuma, a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne. Idan aka haɗa kuɗin katin da na pawa fak da na adafta da ƙarin fetur na wata shida, sau da yawa arhar takan gudu. Shi ma mai shagon gem ya kamata ya auna wannan jimla da kuɗin PlayStation 4 ta hannu, wadda ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan tiyata.

A cikin kasuwa

Jabun kati ba tatsuniya ba ne. An daɗe ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa bayanin ciki, Windows ta nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana shiga filashi, kuma tana tona irin waɗannan. GT 1030 ma iri biyu ne da suna ɗaya: mai GDDR5, da mai DDR4 wanda ya yi ƙasa da shi sosai. A bar katin ya yi minti 15 ko 20 a ƙarƙashin FurMark ko gem mai nauyi, ana kallon zafinsa da ko hoto zai fara fitar da ɗigo-ɗigo. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba da amsa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke mayar da mutum Kano sau biyu. Siririyar kwamfuta gajeren kati kawai take karɓa, mai ɗan ƙaramin ƙarfen ɗauri, kuma ba kowane 1050 Ti ko 1650 ne gajere ba. Wasu samfuransu ma suna neman igiya mai haƙori 6, don haka a juya katin a duba gefensa. Monitocin hannu da yawa mahaɗin VGA mai shuɗi kawai gare su, alhali katunan GTX daga 2016 sun daina fitar da irin wannan hoton, sai an haɗa da adaftar HDMI zuwa VGA. Tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ba nisa ba ce, amma kuɗin mota zuwa da dawowa saboda adafta ɗaya yana da ciwo.

'Yan kasuwa ma suna da nasu laifin. Wanda ya sayar wa yaro RX 580 bai tambaye shi wace kwamfuta zai sa ba, ya san abin da ya yi. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin ko sisi, kuma ita ce ke dawo da kwastoma shekara mai zuwa da abokansa.

Wata kwamfutar kuma ba ta cancanci a kashe mata komai ba. Core 2 Duo ta gama zamaninta, kowane kati aka ɗora mata furosesar ce za ta riƙe shi a baya. Ko masu zubi na uku da na huɗu, a sa musu kuɗi da sanin cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Nvidia ma ya daina fitar wa GTX 750 Ti da 1050 Ti da sa'anninsu sabbin direbobin gem a ƙarshen 2025, sai na toshe ɓaraka kawai, yayin da GTX 1650 ke ci gaba da samu. Wannan kaɗai ya isa ya karkata ma'auni zuwa 1650 ga mai iya ƙara kuɗin. In kuma jimlar gyara ta kusa kuɗin kwamfutar hannu mai zubi na takwas, wadda ke warware HEVC da kanta ba tare da kati ba, kuma take cin wuta ƙasa da tsohuwar, to a sayar da tsohuwar a cika.

Kakar fostoci ta zaɓen 2027 tana tafe, bukukuwan bayan girbi ba sa yankewa, aiki zai samu ga mai na'urar da ke tashi kullum. Wanda ya yanke shawarar shiga Kano, wayar da ke aljihunsa ce kayan aikinsa na farko. Ya zare igiya daga bango, ya buɗe murfin gefe, ya ɗauki hoto huɗu: takardar jikin pawa fak yadda lambar 12V za ta karantu, mahaɗin da ya shiga madabod yadda za a ƙirga haƙoransa, dogon gurbin kati da sararin da ke gabansa, sai bayan monita. Ya rubuta sunan samfurin da na furosesa a takarda, ya auna tsawon wurin katin da rula, sannan ya nufi tasha.